Daga Hanyar Yariko Zuwa Malkohi: Darasi A Kan Jinƙai

Karatu: Luka 10:25-37, Littafin Firistoci 19:9-10, 33-34, Yaƙub 2:14-17.

Ayar haddacewa: 1 Yohanna 3:18.

Manufar darasi: Mu gane cewa jinƙai aiki ne wanda Ubangiji ya ɗora wa kowane mai bi, a cikin gidansa da unguwarsa, kowace rana.

Gabatarwa

'Yan'uwa, labarin Basamariyen nan mun san shi tun muna yara a makarantar Lahadi. Amma sabo da abu ya kan sa mutum ya daina jin nauyinsa. Kullum in aka karanta shi, kowannenmu ya kan sa kansa a matsayin Basamariye, ya bar wa waɗansu matsayin firist da Balawi. A cikin wannan darasi muna so mu ɗauko labarin daga ƙasar Yahudiya, mu aje shi a kan hanyar da mu ke bi da ƙafafunmu, mu ga wane ne mu a cikinsa.

1. Abin da idonmu ya gani

A watan Agusta na 2014 'yan Boko Haram suka ci garin Gwoza. Daga nan suka gangaro Madagali da Michika. Ran 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, a ran nan kuma aka tashi hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, har shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Mutane suka bar hatsinsu a gona ba girbi, suka bi daji da duwatsu, waɗansu ta ƙasar Kamaru, suka kwararo Yola da Jimeta da 'yan tsummokin da ke jikinsu.

Hukuma ta buɗe sansani a Damare da Fufore da Malkohi. Malkohi ƙauye ne a bayan garin Yola, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Kudu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba kafin wannan shekara. Ran 2 ga Mayu 2015 aka kawo mata da yara 275 can, waɗanda soja suka kuɓutar daga dajin Sambisa. Sun iso da dare a bayan motoci, yara da yawa sun rame ƙwarai don yunwa, waɗansu matan kuwa an kashe mazansu a kan idonsu. Ran 11 ga Satumba na wannan shekara bam ya tashi a cikin wani tanti a sansanin, mutum 7 suka mutu, wajen 20 suka ji rauni, har da masu aikin agaji.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe. Mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba. Gidajen mutane suka shiga. Magidanci mai ɗaki uku ya wayi gari da baƙi cike da tsakar gidansa, na dangi da waɗanda dangi suka jawo. Tukunyar da aka saba ɗora wa mutum shida aka ƙara mata ruwa. Ba a rubuta sunayen waɗannan masu gida a jarida ba, amma su ne suka ɗauki mafi nauyin kayan.

2. Mutum uku a hanya ɗaya

Wani masanin shari'a ya zo ya gwada Yesu. Ya san amsar tambayarsa sarai, watau ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Abin da ya ke nema shi ne a shata masa iyaka, a nuna masa inda maƙwabtaka ta tsaya, domin ya san waɗanda ba wajibi ba ne ya kula da su. Sai Ubangiji ya ba shi labari.

Hanyar Urushalima zuwa Yariko wajen mil 17 ce, gangara ce mai tsanani, fiye da ƙafa 3,000, ta cikin duwatsu da kwazazzabai inda mafasa ke ɓuya. A nan aka tare wani matafiyi, aka tuɓe shi, aka yi masa dūka, aka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Mu lura, Yesu bai faɗi sunansa ba, bai faɗi kabilarsa ba. An kwashe tufafinsa, ba ya kuma iya magana, saboda haka ba riga ko harshe da za su nuna ko shi na wane ne. Mutum ne kawai, yana zub da jini.

Firist ya zo, ya gan shi, ya ratse ta wancan gefe. Balawi ma haka. Yesu bai gaya mana dalilinsu ba. Watakila sun ji tsoro mafasan suna nan kusa. Watakila sun tuna da dokar da ta hana firist taɓa gawa, wadda ke cikin Littafin Firistoci sura 21. Watakila sauri su ke yi. Ko wanne ne, dalili ne mai kama hankali, irin wanda mu ma mu kan kawo. Ba su doke shi ba, ba su ɗauki kome nasa ba. Laifinsu ɗaya ne: sun gani, sun wuce.

Na uku Basamariye ne. Yahudawa da Samariyawa ba su ga maciji da juna, kamar yadda Yohanna 4:9 ya nuna. A cikin Luka sura 9 ma, wani ƙauyen Samariyawa ya hana Yesu masauki, har Yaƙub da Yohanna suka so a sauko musu da wuta. Daga cikin mutanen nan ne Ubangiji ya zaɓi wanda zai zama abin koyi. Mu ƙidaya abin da ya yi. Ya matso kusa. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su. Ya ɗora shi a kan dabbarsa, shi kuwa ya taka a ƙasa. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jiyyarsa. Da safe ya ba da dinari 2, watau ladan ƙodago na kwana biyu bisa ga Matta 20:2. Ya kuma yi alkawari zai komo ya biya abin da ya ragu.

Akwai wani mutum a cikin labarin wanda ba a cika wa'azi a kansa ba, shi ne mai masauki. Basamariye ya tafi, shi aka bar wa majinyaci. Shi zai wanke raunin gobe da jibi, shi zai dama kunu, shi zai tashi da tsakar dare, yana dogara ga maganar baƙon da ya ce zai dawo. Masu gidajen Yola da Jimeta aikin mai masauki suka yi a 2014. Mu ma an bar mana amana, Mai ita kuwa ya ce zai komo.

A ƙarshe Yesu ya juya tambayar. Masanin ya tambayi wanda ya cancanci a kira shi maƙwabci. Yesu ya tambaye shi wanda ya zama maƙwabci ga mai shan wuya. Mutumin bai iya ko ambaton sunan Basamariye ba, sai ya ce wanda ya yi jinƙan. Aka sallame shi da umurni ya je ya yi haka nan.

3. Jinƙai da yadda Allah ya tsara shi

Kalmar da Luka ya rubuta da Helenanci a kan tausayin Basamariye ta fito daga sunan kayan ciki, watau abin ya taɓa shi har hanji. Ita ce aka yi amfani da ita sa'ad da Yesu ya ga gwauruwar Nayin tana bin gawar ɗanta, da sa'ad da uba ya hango ɗansa ɓatacce daga nesa. A Ibrananci kuma kalmar jinƙai tushenta ɗaya ne da kalmar mahaifa, kuma 'yar'uwar kalmar nan rahama ce, wadda Hausa ta samo daga Larabci. Ashe jinƙai irin abin nan ne da uwa ke ji in ta ji kukan jaririnta. Ba ta tsayawa ta yi lissafi kafin ta tashi.

Amma Allah ya san zuciyar mutum tana sanyi, don haka bai bar matalauci ga motsin zuciya kaɗai ba. Ya sa doka. A cikin Littafin Firistoci 19 da Kubawar Shari'a 24 an umurci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada ya koma ya ɗauki damin da ya manta, kada ya bi kalar abin da ya zuba. Wannan rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. Dalilin da aka bayar shi ne Isra'ilawa su ma sun yi baƙunci a Masar.

Mu dubi hikimar wannan doka. Ba a ce mai gona ya auna hatsi ya kai wa matalauci yana zaune ba. An bar masa wuri ya shiga ya yi aiki da hannunsa, ya koma gida da mutuncinsa. Haka Rut, baƙuwa daga Mowab, gwauruwa kuma, ta yi kala a gonar Bo'aza. Bo'aza ya hana barorinsa su tsangwame ta, ya ce su riƙa zare mata zangarniya daga dami da gangan. Wannan baƙuwa ita ce ta zama kakar mahaifin Dauda, sunanta kuwa yana cikin asalin Yesu Kristi a farkon Matta. Ubangijinmu da kansa an gudu da shi Masar da dare yana jariri, don takobin Hirudus. Wanda ya raina ɗan gudun hijira sai ya tuna da wannan.

4. Abubuwa huɗu masu sa mu ratse

Na fari tsoro ne. Bayan bam na Malkohi, da na masallacin Jambutu a watan Oktoba 2015, da wanda ya tashi a Jimeta ran 17 ga Nuwamba ya kashe mutum fiye da 30, kowa ya shiga duban baƙo da ido biyu. Ba mu ce wannan tsoro wauta ne ba. Ubangiji ya ce mu yi wayo kamar macizai, saboda haka daidai ne a tsare ƙofar majami'a, a kuma tambayi baƙo inda ya fito. Amma a cikin ayar nan kuma ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Hankali ya kan nuna mana yadda za mu taimaka. In ya kai ga hana mu taimako ɗungum, ya zama hujjar firist. Basamariye ma ya san mafasa suna iya komowa.

Na biyu ƙyama ce. A wurare da dama matan da suka fito daga hannun 'yan Boko Haram sun tarar da wata azaba a gida. An kira su matan Boko Haram, an kira su annoba, an guji 'ya'yan da suka haifa a daji, an ce jinin uba zai bi su. Mu tambayi kanmu a gaban Allah, wane laifi mace ta yi da aka sace ta? Wane laifi jariri ya yi? Ezekiyel sura 18 ya koya mana a fili cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. Yesu kuwa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu tun bai warke ba. Kada a ce a cikin ikkilisiya akwai bencin da mutane ke matsawa in wata ta zauna.

Na uku bambancin addini da kabila ne. Waɗanda suka gudo akwai Kirista akwai Musulmi. Akwai Marghi da Kamwe da Fali da Fulani da mutanen duwatsun Gwoza. Zuciya ta kan ce, mu fara da namu. Gaskiya ne Galatiyawa 6:10 ya sa iyalin bangaskiya a gaba, amma ayar ta fara da dukan mutane. Wani kuma ya kan ce, su ne suka jawo mana. Wannan magana ba gaskiya ba ce, gama an kashe limamai da sarakuna Musulmi, an ƙone masallatai kamar yadda aka ƙone majami'u. Har ma wani lokaci mu ne mu ke kwance a hanya, wani ya tsaya a kanmu. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙasar Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 a masallaci da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya hana masu kisa shiga. In wannan labari ya yi mana nauyin ji, to, mun ɗanɗana abin da masanin shari'a ya ji ran nan.

Na huɗu gajiya ce, ita ce kuwa ta fi kama mu yanzu. Shekara fiye da goma ke nan. Masu ɗaukar hoto sun tafi. Waɗansu baƙin sun koma garuruwansu, waɗansu kuwa ba su da wurin komawa, sun zauna, suna noma a gonar aro ko ta haya, 'ya'yansu sun girma a nan. Mu kanmu tsadar abinci ta matse mu. Sai mu ce, ai mun yi namu. Amma Basamariye bai ce ya gama ba ran da ya sauke mutumin a masauki. Manzo Bulus ya san wannan rauni namu, shi ya sa ya gargaɗi Galatiyawa kada su gaji da yin nagarta.

5. Shaidar waɗanda suka riga mu

Tun farko da wannan aka san ikkilisiya. A shekara ta 251 ikkilisiyar Roma tana ciyad da gwauraye da matalauta fiye da 1,500, ga shi kuwa lokacin tsanani ne. A shekara ta 362 Sarki Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana kuka, don Kirista suna ciyad da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. A ƙasarmu kuma, likita Niels Bronnum ya sauka Numan a 1913 da magani da bishara tare. Masu bishara da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ba su daɗe ba suka buɗe wurin jiyyar kutare a 1929.

A zamaninmu, babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa a Jimeta ta buɗe ƙofofinta a 2014, dubban mutane suka kwana a harabarta, ba a tambayi kowa addininsa ba. Shugabannin Kirista da na Musulmi suka haɗa kai da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, suka raba abinci ga mutum fiye da 200,000. Da shekaru suka wuce, aka ga akwai iyalan da ba su da inda za su koma, sai Bishop Stephen Dami Mamza ya gina musu gidaje 86 a Sangere Marghi cikin ƙasar Girei, aka buɗe a watan Afrilu 2021. An gina makaranta da majami'a, aka kuma gina masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Waɗansu Kirista sun yi gunaguni a kan masallacin. Mu tattauna wannan a tsakaninmu da natsuwa, Littafi a buɗe, ba da zafin rai ba.

6. Jinƙai na yau da kullum

Kaɗan ne daga cikinmu za su iya gina gida 86. Amma Basamariye bai gina asibiti ba. Abin da ke cikin jakarsa ya ciro. Yaƙub ya ce in ɗan'uwa yana tsirara da yunwa, muka sallame shi da fatan alheri kawai, bangaskiyarmu matacciya ce. Sannu ba ta cika ciki. Ga waɗansu hanyoyi da ke hannun kowa.

Mai gona ya tuna da gefen gonarsa. In gwauruwa ta zo neman aron fili, kada ya tsawwala mata. Wanda ya ɗauki baƙo ƙodago ya biya shi cikakken lada a ranar, kada ya rage don ya ga ba shi da mai tsaya masa. Mai gidan haya ya yi haƙuri da wanda ya makara. Mai saye a kasuwa kada ya matse tsohuwa mai tallar kuka da kuɓewa a kan abin da bai kai kuɗin ruwan sha ba. Malamin makaranta ya lura da yaron da ke firgita in ƙofa ta buga, ya ja shi a jiki. Zumuntar mata ta tuna da majinyacin da ke kwance a asibiti ba mai kawo masa abinci. Matasa su gyara wa tsoho rufin ɗaki kafin damina. Dattawa su bincika ko rabon ikkilisiya yana kai wa ga gwaurayen da ba yarenmu su ke ji ba, gama irin wannan mantuwa ce ta kawo gunaguni a Ayyukan Manzanni sura 6, manzanni kuwa ba su yi fushi ba, gyara suka yi.

A cikin yin haka mu kiyaye abu uku. Mu tambayi mutum abin da ya ke bukata, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mu rufa masa asiri; kada mu tsai da maraya a gaban jama'a muna ɗaukar hotonsa da buhun shinkafa, gama Matta sura 6 ya hana busa ƙaho. Kada kuma mu mai da taimako ƙugiya, mu ce sai ka shiga majami'armu za ka ci. Yesu ya warkad da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, shi ma Basamariye ne, bai kuwa janye warkarwa daga sauran taran ba.

Wanda ba shi da ko kwabo yana da ƙafa da kunne. Zumunta a ƙafa ta ke. Mace wadda ta ga an kashe mijinta, wani lokaci abin da ta fi bukata shi ne wadda za ta zauna kusa da ita a tabarma, ta saurara, ta kira ta da sunanta.

Kammalawa

Ba don mu sayi ceto mu ke yin jinƙai ba. Mu ne aka fara tararwa a hanya, zunubi ya tuɓe mu, ba mu da ƙarfin tashi. Kristi ya sauko inda mu ke, ya ɗauke mu, ya biya da jininsa. A cikin Matta 25 ya gaya mana a ran shari'a zai yi tambaya a kan mayunwaci da baƙo da huntu da majinyaci da ɗaurarre, zai kuma lasafta abin da aka yi musu kamar shi aka yi wa. Waɗanda aka yaba ba su ma san shi ne ba. Sun ga mutum ne, suka tsaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Yesu bai faɗi kabilar mutumin da aka yi wa fashi ba?
2. Waɗanne hujjoji mu kan kawo yau masu kama da na firist da Balawi?
3. Ƙaƙa dokar kala ta ke tsare mutuncin matalauci? Ina gefen gonar ma'aikaci ko ɗan kasuwa?
4. Ƙaƙa za mu haɗa tsaron majami'a da karɓar baƙi?
5. Me za mu ce wa ɗan'uwan da ya ƙi a taimaki wanda ba Kirista ba ne?
6. Su wane ne aka manta da su a rabon ikkilisiyarmu?

Aikin mako

Kowa ya tuna da mutum ɗaya wanda ya saba gani yana wucewa. A cikin makon nan ya je ya gaishe shi, ya san sunansa, ya ji damuwarsa. Ran da muka sake taruwa za mu yi shawara a kan abin da ƙungiya za ta iya yi, ba tare da tona asirin kowa ba.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, Uban marayu, mai tsaron gwauraye, mun gode maka domin ba ka wuce mu ba. Ka gafarta mana yawan ratsewarmu. Ka tuna da waɗanda aka kora daga gidajensu, na Malkohi da na ko'ina, ka ta'azantad da masu makoki, ka maido da salama a ƙasarmu. Ka cire mana tsoro da ƙyama, ka sabunta ƙarfin waɗanda suka gaji, ka ba mu ido mai gani da hannu mai miƙawa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.